Matan Wisconsin Badgers da hokin ƙanƙara: tambayoyin da aka fi yi mini, da amsoshinsu

Duk sanda na ɗauko hirar ƙungiyar hokin ƙanƙara ta matan jami'ar Wisconsin sai a bi ni da kallo kamar na zo da wani yare, wai ina Bahaushe ina ƙanƙara. Toh tunda tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, bari na tattara su waje guda na amsa a huta.

Wai menene ma hokin ƙanƙara ɗin, kuma ya ake buga shi?

Idan ka taɓa ganin hokin da ake bugawa a fili da sanda mai lanƙwasasshen kai, to ɗan uwansa ne, sai dai wannan a kan daskararriyar ƙanƙara ake yi, kowa sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, da shi ake sulɓi. Ba ƙwallo ake bugawa ba, wani ɗan baƙin faifai ne na roba mai tauri da suke ce ma pak, faɗinsa inci 3 kaurinsa inci 1, kuma in ya same ka sai ka san ya same ka, shi ya sa matan ke rufe fuska gaba ɗaya da ragar ƙarfe. Kowane ɓangare mutum shida ne a ciki, biyar da gola. Wasan kashi uku ne, kowanne minti 20, kuma agogo tsayawa yake duk sanda aka hura usur. Abun da ke ruɗa sabon mai kallo shi ne canji, domin ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne da sai alƙali ya ba da izini, nan ana cikin gudu wasu za su fice wasu su faɗo, 'yar wasa da wuya ta wuce minti ɗaya a ciki saboda gudun yana cin ƙarfi sosai. In ka yi laifi a kai ka wani ɗan keji ka zauna minti 2, ƙungiyarku ta ci gaba da mutum huɗu da gola. A wasan matan jami'a an hana bangazar ganganci irin wadda maza ke yi, amma kar ka ɗauka wasan lallashi ne, ana gogayya a jikin katanga kamar me.

Su wane ne Badgers, kuma me ya sa wannan sunan?

Ƙungiyoyin wasannin jami'ar Wisconsin ne da ke birnin Madison, babban birnin jihar Wisconsin a arewacin Amurka, garin da ke zaune tsakanin tafki biyu, Mendota da Monona, waɗanda ke daskarewa in sanyi ya kankama. Badger wata dabba ce mai haƙa rami, dangin dage. Amma asalin sunan ba daga dabbar kai tsaye ya zo ba, daga masu haƙar dalma ne na shekarun 1820 da suka riƙa kwana cikin ramukan da suka haƙa a jikin tuddai, sai aka laƙaba musu sunan, daga baya ya bi jihar gaba ɗaya. Kalarsu ja da fari.

Af, kuma jami'ar ba baƙuwarmu ba ce fa. Ta daɗe da sashen koyar da harsuna da adabin Afirka, kuma Neil Skinner, Baturen nan da ya yi aiki a Zariya ya kuma yi wa Hausa hidimar ƙamus, a can ya koyar shekara da shekaru.

Yaushe aka kafa ƙungiyar matan?

Kakar 1999 zuwa 2000. Wato yarinya ce ƙarama idan ka haɗa ta da ta maza da ta fara cin kofin ƙasa tun 1973. Abu biyu ne suka share mata hanya. Na farko wata doka ta 1972 da suke kira Title IX, wadda ta ce duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon nuna bambanci tsakanin maza da mata, har da harkar wasanni da tallafin karatu, to jami'ar da ke kashe maƙudan kuɗi kan maza dole ta nemo inda za ta daidaita. Na biyu gasar Olamfik ta 1998 a Nagano ta Japan, inda aka fara saka hokin mata kuma Amurka ta ɗauke zinare, daga nan yara mata suka yi ta rububin shiga wasan. Kociyar farko Julie Sasner ce, shekara ɗaya ta yi, sai Trina Bourget ta yi biyu. Wasansu na farko ma kashi suka sha a hannun jami'ar Minnesota Duluth, wato ta garin Duluth. A 2002 ne aka ba Mark Johnson, kuma gaskiya daga nan labarin ya fara.

Wane ne Mark Johnson da kake ta ambato?

Nan fa sai an ɗan zauna. Mahaifinsa Bob Johnson, wanda ake wa laƙabi da Badger Bob, shi ya gina ƙungiyar maza ta jami'ar, ya ci kofin ƙasa uku a 1973 da 1977 da 1981, daga baya ya ɗauki Stanley Cup, kofin gasar ƙwararru ta NHL, da ƙungiyar Pittsburgh a 1991. Mark ya buga a ƙarƙashin uban nasa, yana cikin waɗanda suka ci na 1977. Amma abun da ya sa duk Amurka ta san shi shi ne Olamfik na 1980 a garin Lake Placid na Amurka, lokacin da 'yan samarin jami'a na Amurka suka doke Tarayyar Sobiyet 4 da 3, alhali a lokacin ƙungiyar Sobiyet ita ce dodon duniya, ga shi kuma ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Cikin ƙwallaye huɗun nan biyu nasa ne, ɗaya ma saura daƙiƙa ɗaya a tashi kashin farko ya zura. Bayan nan ya yi shekaru 11 a gasar ƙwararru ta NHL.

To ka ga mutum mai wannan tarihin da ya so da ya nemi aiki a ɓangaren maza inda kuɗi da suna suke, ya ma yi mataimakin koci a ƙungiyar maza ta jami'ar kafin nan. Ya karɓi matan, kuma bai mai da su matakalar hawa wani waje ba, ya zauna sama da shekara ashirin. Yau babu kocin da ya kai shi yawan nasara a tarihin hokin matan jami'o'in Amurka. Ni a ganina wannan zaman nasa shi ne sirrin komai, domin uwa da uba da za su tura 'yarsu mai shekara 17 ko 18 daga Kanada ko Massachusetts sun san wanda ya zo neman ta shi za ta tarar, kuma shi zai yaye ta. In ka kalle shi a bakin fili ma ba mai ihu ba ne, yana tsaye shiru kamar ba wasansa ake ba.

Kaka ɗaya ce kawai bai yi da su ba, 2009 zuwa 2010, da ya tafi jagorantar matan Amurka a Olamfik na Vancouver inda suka samu azurfa bayan Kanada ta ci su 2 da nema. Tracey DeKeyser ta riƙe masa, ga shi ya tafi da manyan 'yan wasan irin su Hilary Knight da Meghan Duggan, shekarar ko gasar ƙasa ba su samu shiga ba.

Kofi nawa suka ci?

Zuwa ƙarshen kakar 2025 kofin ƙasa na NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, guda takwas: 2006, 2007, 2009, 2011, 2019, 2021, 2023 da 2025. Ita gasar kanta a 2001 aka fara ta, kenan daidai kashi ɗaya cikin uku na kofunan duka suna Madison. Mai bi musu jami'ar Minnesota ta birnin Minneapolis ce da shida, Minnesota Duluth biyar, Clarkson uku, Ohio State biyu. Ka duba da kyau, ƙungiya biyar kacal suka taɓa ɗauka a duk tsawon shekarun nan, kuma huɗu daga ciki rukuni ɗaya suke, WCHA, wato rukunin jami'o'in yamma da ke karawa da juna a kaka. Clarkson ce kaɗai daga gabas.

Sun kuma sha kaye a wasan ƙarshe sau huɗu, a 2008 hannun Duluth, 2012 hannun Minnesota, 2017 hannun Clarkson, sai 2024 hannun Ohio State.

Ya aka yi suka ci na farko?

A 2006 suka je har Minneapolis, gidan Minnesota da ke riƙe da kofin shekara biyu a jere, suka ba su 3 da nema a gaban mutanensu. Golarsu Jessie Vetter shekararta ta farko kenan tana bugawa. Makonni kaɗan bayan haka mazan jami'ar su ma suka doke Boston College suka ɗauki nasu, shi ne karon farko da jami'a ɗaya ta haɗa kofin maza da na mata a shekara guda a babban matakin gasar jami'o'i.

Na 2007 ya fi ba ni sha'awa. Kakar gaba ɗaya sau ɗaya aka ci su, amma saura ƙiris Harvard ta fitar da su tun a zagayen kwata fainal, wasan da aka tashi babu ci, aka shiga ƙarin lokaci na farko, na biyu, na uku, sai a na huɗu Jinelle Zaugg ta zura, an yi sama da minti 127 ana abu ɗaya, wato wasa biyu cur har da ɗoriya. Kuma ina aka buga fainal ɗin shekarar? Lake Placid, a filin da Johnson ya yi abun tarihinsa shekara 27 baya. Suka ci Duluth 4 da 1. A 2009 Mercyhurst ta sha 5 da nema a Boston, a 2011 jami'ar Boston ta sha 4 da 1.

Me ya faru tsakanin 2011 da 2019, ai tazarar da yawa?

Minnesota ce ta faru. Lokacin nata ne, ta ci kofi huɗu cikin shekara biyar, har da kakar 2012 zuwa 2013 da ta buga wasa 41 ta cinye 41 ɗin, ba kunnen doki ko ɗaya. Wisconsin ba lalacewa ta yi ba fa, kusan kullum tana kaiwa matakin huɗun ƙarshe da suke kira Frozen Four, amma shekara uku a jere, 2014 da 2015 da 2016, Minnesota ce ke tare ta a wasan kusa da na ƙarshe. Na 2017 kuwa shi ya fi ciwo, sun shafe kakar su ne na ɗaya, ga gola mafi kyau a ƙasar, Ann-Renée Desbiens, suka yi ta luguden bugu a fainal amma pak ya ƙi shiga, Clarkson ta ci 3 da nema. Shi ya sa na 2019 ya yi musu daɗi ninki biyu, Minnesota ɗin dai suka samu a fainal suka ba ta 2 da nema, Sophia Shaver da Annie Pankowski suka ci, gola Kristen Campbell kuma ko ƙwallo ɗaya ba a zura mata ba a duk wasanni ukun gasar.

2020 ba a yi gasar ba saboda korona. A 2021 da Northeastern aka tafi ƙarin lokaci, Daryl Watts tana bayan raga, wajen da babu wanda ke tsammanin bugu, ta harbo pak ya daki jikin 'yar bayan Northeastern ya faɗa ciki. 2 da 1, shi kenan.

Wane wasa ne za ka ce lallai sai na nema na kalla?

Fainal ɗin 2025 da Ohio State, babu tantama. Amma bari na ɗan koma baya don ka gane zafin abun. Ohio State da ba a lissafa ta da, kociya Nadine Muzerall, tsohuwar 'yar wasan Minnesota, ta mai da ta abun tsoro har ta ci kofin 2022. A 2023 Wisconsin ta yi wata faɗuwa a watan Janairu, wasa biyar a jere ana cin ta, mutane har sun fara cewa bana kam ba su, sai ga su a fainal sun ci Ohio State 1 da nema, wata sabuwar yarinya Kirsten Simms ta zura. A 2024 Ohio State ta rama, ita ma 1 da nema. To 2025 ita ce haɗuwa ta uku a jere, a Minneapolis.

Ohio State ta kai 3 da 1, Caroline Harvey ta rage ya zama 3 da 2, lokaci na ta tafiya har ya rage ƙasa da minti ɗaya, Wisconsin ta cire gola ta ƙara 'yar gaba, aka yi wani cakwakiya a bakin raga, bencin Wisconsin ya nemi a duba bidiyo, aka duba aka ga 'yar Ohio State ta danne pak da hannu a cikin da'irar gola, wanda hukuncinsa fenareti ne. Saura daƙiƙa 18.9. Fenaretin hoki kuma ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne, daga tsakiyar fili za ki taho da pak ke kaɗai sai gola, kuma gola ta fi yawan cin riba. Kyamara ta nuno Johnson ya juya yana tambayar yaran wa ke so, Simms ta ɗaga hannu. Ta taho ta yaudari gola ta zura, 3 da 3. Aka shiga ƙarin lokaci ko minti uku ba a yi ba ita ɗin dai ta sake zurawa. Kakar suka gama da nasara 38, rashin nasara 1, kunnen doki 2, kuma wannan ɗayan ma Ohio State ce ta ci su.

Su wa suka fi fice a tarihin ƙungiyar?

Akwai kyautar gwarzuwar 'yar wasan jami'o'i da ake bayarwa tun 1998, mai sunan Patty Kazmaier, wata 'yar wasan jami'ar Princeton da ta rasu a 1990 tana da shekara 28. 'Yan Wisconsin shida suka karɓa zuwa 2025: Sara Bauer 2006, Jessie Vetter 2009, Meghan Duggan 2011, Brianna Decker 2012, Ann-Renée Desbiens 2017, Casey O'Brien 2025. Abun mamaki wadda ta fi su suna a duniya, Hilary Knight, ba ta taɓa samu ba, alhali ƙwallo 143 ta ci wa jami'ar, babu namiji ko mace da ya kai haka a can.

Ni dai masu tsaron ragarsu suka fi burge ni, don in ka bi fainal takwas ɗin nan za ka ga a huɗu ba a zura musu komai ba. Desbiens, 'yar lardin Quebec ta Kanada, ta gama jami'a da wasa 55 da ba a zura mata ko ɗaya ba, 21 daga ciki a kaka guda, har ta taɓa yin sama da minti 543 a jere pak bai wuce ta ba, wato wasa tara kenan da ɗoriya. Amma fa ita ce ba ta ɗauki kofin ƙasa ba, don zamaninta ya faɗo cikin shekarun rashin kofin nan.

Akwai baƙaƙen fata a ciki kuwa?

Kaɗan ne, wasan na fararen fata ne mafi yawa kuma akwai tsada, kayan sawa da kuɗin hayar fili da tafiye-tafiye ba na kowa ba ne. Amma biyu daga cikin manyan sunayen da suka buɗe ƙofa daga Wisconsin suka fito. Sarah Nurse ta Kanada ta ci zinare a Olamfik na Beijing a 2022, baƙar mace ta farko da ta yi haka a hoki, ta kuma kafa tarihin maki 18 a gasa ɗaya, wato jimillar ƙwallayen da ta ci da waɗanda ta bayar aka ci. Sai Laila Edwards 'yar Cleveland Heights a jihar Ohio, doguwa ce sosai, ita ce baƙar mace ta farko da ta buga wa babbar tawagar Amurka a 2023, a 2024 kuma aka zaɓe ta gwarzuwar gasar cin kofin duniya. Yayarta Chayla ma a Wisconsin ta buga, tare suka ci kofin 2023.

Mutane na zuwa kallo kuwa, ko kujeru ne kawai?

Suna zuwa sosai, kuma wannan na cikin abun da ke jawo musu yara. Da a Kohl Center suke wasa, ƙaton filin da maza ke amfani da shi, sai a 2012 aka buɗe musu nasu, LaBahn Arena, mai cin mutum 2,273. Ƙarami ne amma yawanci cike yake, kuma ai gara ƙaramin ɗaki cike da babban da babu kowa. Lokaci zuwa lokaci sukan koma babban filin a yi gangamin cika shi, a Janairun 2017 da St. Cloud State mutum 15,359 suka shiga. Ka haɗa da jami'ar North Dakota da a shekarar nan ta 2017 ɗin ta rushe ƙungiyar matanta gaba ɗaya don rage kashe kuɗi, alhali rukuni ɗaya suke.

Bayan sun gama jami'a ina suke zuwa, akwai kuɗi a ciki?

Shekaru da yawa amsar ita ce babu. Yarinya za ta yi shekara huɗu a wajen da ake da likita da masu horo da fili nata, ta gama ta tarar da ƙananan gasa da albashinsu ba ya riƙe mutum, sai ta haɗa da wani aikin. Wato ga mafi yawansu jami'ar ita ce ƙololuwa, sai 'yan kaɗan da ke samun tawagar ƙasa. Su ma ɗin sai da suka yi bore, a Maris 2017 matan Amurka suka ce ba za su buga gasar kofin duniya da za a yi a ƙasarsu ba sai hukumar hoki ta gyara musu biya, kyaftin ɗin da ta ja gaba kuwa Meghan Duggan ce, aka sasanta kwana kaɗan kafin a fara, suka shiga suka ci kofin, shekara mai zuwa suka ɗauko zinare a Koriya ta Kudu, Duggan da Knight da Decker duk suna ciki. Sai a Janairun 2024 aka fara gasar ƙwararru ta PWHL mai albashin da za a iya rayuwa da shi, kuma tsoffin 'yan Wisconsin sun cika ta, Desbiens na tsaron ragar Montreal.

In ina so na fara bi, ta ina zan fara?

Kakar na farawa ne wajen ƙarshen Satumba ta ƙare a Maris, wasanni yawanci ƙarshen mako, ƙungiya biyu su buga sau biyu a jere. Matsalar kawai lokaci, Najeriya da Nijar na gaban Madison da awa 7 a lokacin sanyi, wasan ƙarfe bakwai na yamma a can ƙarfe biyu na dare ne a Kano, don haka ni shawarata ka fara da taƙaitattun bidiyo a YouTube, ba sa cin data sosai. Da farko ba za ka riƙa ganin pak ɗin ba, ƙarami ne ga gudu, kar ka wahalar da idonka wajen nemansa, ka kalli inda 'yan wasan suka fuskanta da inda gola ta karkata, a nan yake. Ka fara da mintunan ƙarshe na fainal ɗin 2025, in ka gama ka nemi ƙwallon Watts ta 2021, sai ka maimaita ta sau uku kafin ka gane ta inda ta shiga.